Yabon Kai Ba Ya Zama Shaida

A zangon karatun da ya gabata, wani ɗalibina ya shigo ofishina ransa a ɓace. Wata 8 ke nan da ya buɗe shafin intanet yana tattara karin maganar Hausa, ya kuma rubuta wa shafin maƙala a Wikipedia. Editoci suka ce za a goge ta, domin shafin bai shahara ba. Da yake ya san ina aikin sa-kai a can, sai ya ce, "Malam, ka sa baki."

Na karanta maƙalar a tsanake. Ƙa'idar kundin a fili take: ba yawan mabiya ake dubawa ba, ba kuma kyan aikin ba. Tambayar ita ce, shin wata majiya mai zaman kanta, jarida ko mujallar ilimi, ta yi cikakken bayani a kansa? Majiyoyinsa uku ne, dukkansu shi ya rubuta su. Na ce masa ba zan goya masa baya ba. Ya fita ko sallama babu.

Daren nan barci ya ƙaurace mini. Shekara 15 ina koyarwa, ban taɓa nazartar aikin wani matashi a rubuce ba. Mu malamai da 'yan jarida, mu ne majiyar da ake nema. In mun yi shiru, wa zai shaide su?

Ni malaminsa ne, shaidata ba za ta karɓu ba. Don haka na aika wa wani abokin aiki a wata jami'a adireshin shafin, na roƙe shi ya yi sharhi, kada ya ɓoye kurakuran.