TARKACEN ƊAN FARI

Yau ba labarin soyayya na zo miki da shi ba kamar yadda kika saba gani a littattafaina. Laifina zan faɗa miki da bakina, laifin da na yi wa yaron da na haifa da cikina, wanda har yanzu da nake wannan rubutu ban gama biyan bashinsa ba.

A Tsafe aka haife ni, gidanmu ba nisa da babban titin da ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau. Duk wadda ta tashi a irin garuruwanmu ta san kaka lokacin motar kara ce. Da an yanke dawa an jibge kara a bayan gida, sai ki ga yara maza sun yi zaman dirshan kowa da guntuwar rezarsa. To a unguwarmu babu wanda ya kamo ƙafar Yayana, wanda nake bi. Zai ɓare bayan karan ya tsaga shi siri-siri kamar tsinken sakace, totuwar kuma ya yanka ta gunduwa-gunduwa, da waɗannan tsinkaye yake soke totuwa yana haɗawa har a sami kai da ƙofa da bodi. Taya kuwa tsohon silifa ne yake kifa murfin kwalba a kai ya zagaye da reza. Sitiyarin dogon kara ne, yana tafe yana murzawa, tayoyin gaba suna juyawa kamar gaske. Ni aikina riƙo da tsinto silifa a bola, ladana kuwa ya ɗora 'yar tsanata a gidan gaba ya kai ta "Gusau", wato bakin rijiya. Ko sau ɗaya bai taɓa bari na ja motar ba, wai mace ba ta tuƙi. Allah ya jiƙan Yaya.

Abin da ya fara da kara bai sake shi ba. Ya yi karen mota, ya zama direba, daga baya ya mallaki tasa ta kansa, farar Fijo 504 mai dogon baya, irin ta kamfanin nan na Kaduna da aka buɗe a 1975. Tsohuwa ce tukuf, amma yadda yake wanke ta sai ki rantse amarya ce. Da ita yake jigilar Gusau zuwa Funtuwa da Zariya, kuma a cikinta 'yan bindiga suka harbe shi a kan wannan hanya tamu cikin watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara. Sai washegari labari ya iso mini Gusau a bakin wani direba.

Yanzu bari na zo kan yaron. Ba zan faɗi sunansa ba, kin dai san ɗan fari. Anti yake ce mini kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa, ni kuma "kai" ko "wancan" nake ce masa. Da aka yaye shi Bungudu aka kai shi wurin kakarsa ta wajen uba, sai da ya isa shiga makaranta ya dawo hannuna. Ƙannensa ina goya su ina yi musu wasa a gaban kowa, shi kuwa ko kallon kirki ban cika yi masa ba, kada a ce ba ni da kunya. Wanda yake zama da shi a ƙasa su miƙe ƙafa shi ne kawunsa, kuma shi ya fara ɗora masa reza a kan kara.

Bayan rasuwar Yaya sai abin ya ƙaru. Ya bar kara ya koma gwangwanin madara da na tumatir da kwali da waya da gam. Ba zan ajiye gwangwani a madafa na juya na same shi ba. Almakashina na ɗinki ya dakushe da yankan ƙarfe, tocilana biyu ya fashe don ƙwan fitila, ƙanwarsa ta taka yankakken gwangwani sai da aka kai ta kemis. Ƙarƙashin gadonsu kuwa ya zama tasha: tifa, tanka, tirela, a-kori-kura, bas, jere reras. Ba ya ma wasa da su, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sai dai ya fito da su ya goge ƙura da tsumma ya mayar.

Ana cikin haka sakamakon jarrabawa ya fito, yana aji biyu na ƙaramar sakandare, ya zo kusa da na ƙarshe, lissafi ma faɗuwa ya yi warwas. Maƙwabciyata ta ce, "Ai ke kika sake masa, yaron da ya mai da kansa ɗan bola ina zai gane karatu?" Maganar nan ta tsaya mini a wuya. Saura kwana uku Babbar Sallah ina sharar ɗaki, yana Islamiyya, sai na ji ɗan gwangwan yana kiran kaya a waje. Wallahi ban tsaya tunani ba. Na jawo buhu na kwashe na ƙarfen duka, ko kallonsu ban yi ba, na miƙa aka ba ni robar wanki ɗaya shuɗiya. Na kwali da na kara kuma na tura su murhu na dafa wake da su.

Da ya dawo na ji shigarsa ɗaki, na ji ya durƙusa, sai shiru. Na gyara zama ina jiran kuka ko rashin kunya, na ma tanadi abin da zan faɗa. Can ya fito ya tsaya bakin madafa ya ce, "Anti, har da farar?" Na ce, "Wace fara kuma? Tarkace dai na zubar, ka je ka ɗauki littafi." Ya dubi murhu, ya dubi robar, ya juya. Ranar bai ci abinci ba. Ranar Sallah ya sa sabon kayansa ya bi babansa idi ya dawo ya kwanta.

Maigidan bai yi mini faɗa ba, da ma ba mai yawan magana ba ne. Abin da kawai ya ce da dare shi ne, "Ke da kika cika mana saman sif da takardu, wa ya taɓa kunna wuta da su?" Na yi masa shiru, don ina ganin rubutu daban, bola daban.

Bayan Sallah ya tafi hutu Bungudu. Ina gyara jakarsa ta makaranta sai na ci karo da wani littafi mai shafi arba'in, na buɗe ina zaton aikin gida ne. Zanen motoci ne tun daga farko har ƙarshe, gaba da baya da gefe, kowanne da lambobi a jikinsa. A wani shafi ya rubuta: tsawon Fijo mita 4 da santimita 80, a raba 24, santimita 20. Haka ya bi taya da ƙofa da gilashi yana rabawa, yaron da aka ce mini bai iya lissafi ba. A tsakiyar littafin kuma ga hoton Yaya jingine da motarsa a tasha, hoton da na shekara ina nema a cikin akwatina. A ƙasan zanen ya kwafi lambar motar da rubutun da ke bayan gilashinta, harafi da harafi. Ashe farar da yake tambaya motar kawunsa ce. Wata biyar yana yin ta, kamar yadda ƙaninsa ya gaya mini daga baya, har tasha ya je da igiya ya auna wata irinta. Ni kuwa na ba da ita a kan robar wanki.

'Yar'uwa, kukan da na yi ranar ko na rasuwar Yaya bai fi shi ba.

Wannan raba 24 ɗin ma sai da ƙanena mai karatu a kwaleji ya warware mini. Ya ce a waya suka gani tare, a ƙasashen waje abin sana'a ne sosai. Akwai kamfanoni irin su Tamiya ta Japan da Airfix ta Ingila da ke sayar da mota a wargaje cikin kwali, 'yan ƙananan sassa na roba, mutum ya zauna da gam da fenti ya haɗa, kuma yawanci komai na jikinta kashi ɗaya ne cikin 24 na motar gaske. Wai manyan mutane masu furfura ke yi, su jera a kabad mai gilashi kamar yadda muke jera tangaran da kwalla. Na ce ikon Allah, ashe jere ne shi ma yake yi, ni da na fi kowa sanin zafin a taɓa mini kwanon jere. Ya kuma ba ni labarin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatun zanen mota a Amurka, ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, har aka ba shi shugabancin hukumar ƙera motoci ta Nijeriya a 2017. Ban ce ɗana zai zama shi ba, na kuma san jarrabawa dole a ci ta. Amma ko da bakanike zai zama a bakin tasha, ai da irin wannan hannu Yaya ya ciyar da gidanmu shekara da shekaru.

Da na je ɗauko shi Bungudu, Hajiya ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ke ɗiyata, kunyar ɗan fari suna ne ba a faɗi, ba zuciya aka cewa a rufe ba. Mi yaron ga ya yi miki?" Na sunkuyar da kai. Ta ɗaga labulen gadonta, sai ga sababbi guda uku a jere, tifa da bas da wata da ba a gama ba. A can yake yinsu yanzu, a can kuma yake barinsu. Ko ɗaya bai sake shigowa da ita gidana ba.

Ban iya buɗe baki na ba shi haƙuri ba, harshena ya ƙi. Abin da na iya shi ne duk gwangwanin da na buɗe sai na wanke shi tas na danne bakinsa na tara a leda. Ranar da zai koma Bungudu hutun da ya wuce na miƙa masa ledar, da sabon almakashi, da hoton kawunsa a cikin ambulan. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode Anti." Na tambayi Hajiya a waya ko ya fara wata fara, ta ce tukuna, tanka yake yi.