Garun Mallam: Wa Ke Riƙe Da Makullin Ruwan?

Duk wanda ya biyo hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, da zarar ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura, sai ya ga ƙasa ta sake kama. Fako da ƙura su ja da baya, alkama da albasa su shimfiɗu kore shar iyakar ganin ido. A Kwanar Gafan kuwa, kwandunan tumatir ne jibge a bakin titi, manyan motoci na jiran lodi zuwa Kudu.

Wannan albarka duka a kan igiya ɗaya take rataye. Daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan yake fitowa, ya ratsa Ruwan Kanya, ya bi babbar magudana, sannan ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Mallam. Gangaren ƙasa ne ke tafiyar da shi, ba inji ba, ƙofofin ƙarfe kuma su ke raba wa kowane yanki rabonsa. Kogin Kano da Tiga ke ciyarwa shi ne kuma matatar Tamburawa ke ɗiba domin famfunan birni. Ashe tuwon Bakano da ruwan randarsa tushensu ɗaya.

Na tsaya a bakin wata ƙaramar ƙofar ruwa kusa da Kadawa. Wani dattijo da ke ban-ruwa ya nuna mini inda ɓarayin ƙarfe suka kwance marikinta, sai buhunan ƙasa aka jera a madadinsa. Can gaba an fasa gefen magudana an zura tiyo, kachalla kuma ta cinye rabin hanya. Manomin da ke kusa da ƙofa yana cikin wadata, na ƙarshen layi yana kallon shukarsa tana yaushi.

A nan na tuna da tarurrukan da muke yi a jami'a kan biranen zamani, inda kwamfuta ke sarrafa ruwa da lantarki da fitilun titi. Ba jimawa irin waɗannan na'urori za su iso bakin magudanan nan, domin suna rage asara, suna kuma nuna wanda ya sha fiye da rabonsa. Sai dai ƙofar da ake buɗewa daga ofis, ana iya buɗe ta daga wata nahiya. A 2013 masu kutse sun shiga na'urar wata ƙaramar madatsa a jihar New York ta Amurka. Abin da ya tsare ta kawai shi ne an cire haɗin ƙofar domin gyara. A Afrilun 2025 wasu sun buɗe bututun wata madatsa a ƙasar Norway ta intanet, ruwa ya yi awa huɗu yana kwarara, saboda raunin kalmar sirri.

Mu kuwa mun riga mun san ɗacin ruwa idan ya ƙwace. Madatsar Bagauda, maƙwabciyar wannan yanki, ta ɓalle a 1988. Ta Alau ta shanye Maiduguri a Satumban 2024. Babu ɗan kutse a cikin ko ɗaya.

Darasin a fili yake: wanda bai iya tsare kwaɗon ƙarfe ba, da wuya ya tsare kalmar sirri, domin sakaci ɗaya ne ke karya su biyun. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi kariya ga muhimman kayayyakin sadarwa na ƙasa, amma doka ba ta kwana a bakin magudana. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa su ne masu gadi na haƙiƙa, ya kamata a ba su iko da abin aiki. Duk na'urar da za a girka a bar mata hanyar juyawa da hannu, a raba layinta da intanet na kowa da kowa, a kuma horar da 'ya'yan yankin su riƙa kula da ita. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Da la'asar sakaliya na juyo gida. Dattijon nan na durƙushe yana gyara buhunansa, ruwa na wucewa ta gefensa zuwa gonar maƙwabci.