Abin da ke ƙwaryar ƴar uwarki sirrinta ne

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a bakin rijiya da gidajen biki nan Gidan Sori, mun ga ya kamata mu kawo ta fili. Maganar matan da suka bar cin nama ce, ko suka rage shi ƙwarai, da abin da ake faɗi a kansu in sun ba da baya.

A ƙungiyarmu irin waɗannan mata kashi uku ne. Akwai wadda aka auna a likita aka ce tana da hawan jini, ta rage gishiri da dunƙulen miya da kitse, sai ta ga ya fi mata sauƙi ta bar naman baki ɗaya. Akwai wadda tsada ta raba ta da shi, ta lissafa ta ga kuɗin tsoka huɗu sun isa ta sayi waken da zai ƙosar da gida. Akwai kuma wadda ranta ne kawai ya daina so, ko tsufa ya zo, haƙora suka ƙi. Dalili daban-daban, amma maganar da ake jifarsu da ita iri ɗaya ce: "Rowa ce." "Maigidan ya karye, ana ɓoyewa." "Ta koma akuya, kullum ganye." Wata ma cewa ake yi tana da ciwon da ba ta son a sani.

Irin wannan magana tana da illa. Wata ƴar ƙungiyarmu mai hawan jini ta je suna, aka ajiye mata tuwon shinkafa da miya ta sha mai da dunƙule. Ta ɗan ja baya, sai uwar biki ta ce, "Haba Yaya, abincinmu ne ba ki ci, ko mun yi miki laihi?" Kunya ta sa ta cinye. A satin nan suna uku aka yi a unguwa, duk haka ta yi. Kai ya riƙe ta, ta kwanta, zubi biyu ba ta zo ba. Wata kuma, da ta gaji da tambaya, sai ta daina zuwa buki sam, aka koma cewa girman kai ne ya kama ta. Mace ta rasa lafiya ko ta rasa zumunci saboda loma, wannan asara ce ga ƙungiya duka.

Sai dai laifi tudu ne. Cikin waɗanda suka canza cimar ma akwai masu zafin baki. Mace ta yi wata biyu da barin nama, jiki ya yi mata sauƙi, sai ta koma leƙa tukunyar kowa: "Wannan man duk ke kaɗai? Kashe kanki za ki yi." Har a tsakaninsu akwai gori, wadda ta bari gaba ɗaya tana raina wadda ta ɗanɗana naman layya, wai ba ta da zuciya. Nama halal ne, mai cinsa ba ta yi laifi ba. Wadda ta bar shi don lafiyarta ko aljihunta ita ma ba ta haramta komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ba mu kaɗai ke da wannan zance ba. A Indiya mutane masu yawan gaske ba su cin nama, amma suna shan nono. A Habasha Kiristoci da yawa kan bar nama da nono da ƙwai ranakun Laraba da Juma'a. A Ingila tun 1944 aka kafa ƙungiyar masu barin duk abin da ya fito daga dabba. Mu kuwa da ganye da wake kakanninmu suka rayu, nama sai ranar kasuwa ko sallah. Bayan Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya. Zogalen Jiratawa da na fadamar Gulbin Maraɗi har wasu garuruwa ake kai shi. To mene ne abin kunya a kwanon da babu tsoka?

Ga abin da muka koya a ajin yaƙi da jahilci da wurin ma'aikatan lafiya. Gero shi kaɗai ba ya cika aikin gina jiki, wake ma haka, amma in an haɗa su kowane yana cike giɓin ɗan uwansa. Saboda haka dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, ko tuwo da miyar wake, ko awara da kwaɗon rama, abinci ne cikakke. Sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganye da wake ya fi shiga jiki in an matsa lemun tsami ko an sa ɗanyen tumatir. Shayi kuwa yana tare shi, a bari sai an jima da cin abinci. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule da kanwa suna cikin lissafin. Mai barin nama ta cika ɗanwake da kanwa da dunƙule ba ta tsira ba. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna tashin miya, ba dole ta zama lami ba.

Akwai inda goyon baya ba shiru yake nufi ba. Sinadarin da ake kira B12, mai taimakon jini da jijiyoyi, ba a samunsa a ganye ko hatsi, sai a nono da ƙwai da kifi da nama. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka fara ba abinci bayan wata 6 suna bukatarsa ƙwarai. Mu da muka ga yunwar 2005, muka ga yadda tamowa ta cika gidajen likita a jihar Maraɗi, ba za mu yi wasa da wannan ba. In uwa ta bar nama, kada a janye wa yaro ƙwai da nono da ɗan busasshen kifi. Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayar ƙarin jini. Mai hawan jini kuma kada ta ajiye maganinta don ta koma cin ganye. In mun ga ƴar uwa ta kauce a nan, ɗaya daga cikinmu za ta same ta a ɗaki su yi magana su biyu, ba a tsakar taro ba.

Tun 1991 da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar nan tare da ƙungiyar CARE, abin da ya riƙe asusu shi ne amana. Akwati na da makulli uku a hannun mata uku, kuma bashin da mace ta ɗauka ba ya fita waje. A kan wannan muka tsayar da abu huɗu a zamanmu:

Na ɗaya, ba a tambayar mace dalilin da ya sa ta ture nama, sai in ita ta faɗa. Wadda ta yi gori za ta biya tara kamar wadda ta makara.

Na biyu, in ƴar ƙungiya na da biki, za a ɗebi miya a ƙaramar tukunya kafin a zuba nama da dunƙule. Ba ya ƙara kuɗi, tsofaffi ma sun fi son ta.

Na uku, wadda ta yi niyya ta kasa, ta ci abin da aka hana ta, ba a yi mata dariya. A ce mata, "Inna, gobe ma rana ce," a raka ta awon jini.

Na huɗu, mai son koyon awara ko ƙuli-ƙuli za a haɗa ta da wadda ta iya, ta ɗauki bashin jari a asusu. Mai irin zogale ta ba marar shi ta dasa a bayan ɗaki.

Da muka karanta dokokin, wata dattijuwa ta ce, "Da can da munka tashi, in an ga ba ki ci ba sai a ce ko ba ki da lahiya, a kawo miki kunu. Ba a cewa rowa." Abin da muke so ya dawo ke nan.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi na Tibiri da Gidan Rumji, har Agye da Gazawa, ku ɗauki minti goma bayan zubi na wannan mako ku tattauna maganar. Wadda ta san wata miya mai daɗi da ba ta bukatar nama, ta faɗa wa magatakardar ƙungiyarta a rubuta a aiko, mu sa a fitowa ta gaba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a asusunmu.