Ina rigar kakin nan tamu ta shiga?

Waɗanda muka gamu da su a kasuwannin ƙauye cikin ƴan watannin nan sun dame mu da tambaya guda: ina rigar nan ta kaki, ina shapon? Har cikin shiri wani ya kira daga Tasawa, bai ce komai a kan farashin hatsi da muke magana ba, cewa ya yi: "Indiyana, an ce ka tuba." To ku gyara zama, yau za mu ba da amsa, ko da za ku yi mana dariya.

Abin ya samo asali tun muna ƴan lakwal. A unguwarmu akwai gidan bidiyo na zana, benci huɗu da gurup mai tari, dala biyar kuɗin shiga. Indiya ake sawa, da Sin, da su Rambo. Ran da aka sa Indiana Jones, da faransanci yake magana, mu da ke jin abin da ake faɗi muka zama masu fassara wa sauran. Abin da ya kama mu ba faɗan ba ne. Aktan mushe ne. Malamin jami'a, da tabarau da alli, sai ka ga ya tuɓe kwat ya ɗora shapo ya shiga daji. Ana bugunsa ya ji zafi, yana tsoron maciji kamar kowa. Yaron da ake ce wa karatun boko zai maida shi ragon birni, in ya ga wannan, dole ya riƙe shi a rai.

Daga baya muka san tarihin kayan. Fim na farko ya fito a 1981, Steven Spielberg ya shirya shi, Harrison Ford ya hau, labarin kuma an aje shi a shekarar 1936. Wata mata ce, Deborah Nadoolman, ta tsara shigar. Shapon daga shagon Herbert Johnson na Landan ya fito, da gashin zomo ake yin irinsa. Buluzon fatar a Ingila aka ɗinka ta, sabuwa fil, sai da aka bi ta da wuƙa da burushin ƙarfe aka kankare ta don ta yi kamar ta sha duniya. Ku riƙe wannan: tsufar rigar ma ta ƙarya ce, an yi ta ne don idon kamara.

Da aka ba mu shirin karkara, mu biyu da mai ɗaukar sauti a kan moto guda, matsalar farko da ta taso ta sutura ce. Doguwar riga sarƙar moto ke kama ta. Shadda kafin ka yi kilomita 20 a jan hanya ta koma kalar tukunya. Jins kuwa in rana ta take, kamar ka sa ƙafa cikin tanda. Nan tsohon mafarki ya motsa, muka ce ai ga wanda ya riga mu warware wannan tun 1981. Muka ciro hoto a waya, muka nufi bosho da wajen tela.

Buluzon muka fara samu, a bosho, jika goma sha biyu bayan ciniki mai tsawo. Gaskiya a watan Janairu, in ka tashi da asuba sanyi na yanka ƙirji a kan moto, babu kamarta. Iska ba ta ratsa fata, in ka faɗi kuma ita za ta goge a madadin fatarka. Amma ɗarin Maradi nawa yake? Wata biyu, in ya yi yawa uku, shi ma zuwa hantsi ya kau. Ran da muka yi taurin kai muka sa ta cikin Maris, kafin azahar mun sha ruwan bidon duka, har da na abokin tafiya. Ashe su kansu masu fim ɗin sun ji jiki. A Tunisiya suka ɗauki wuraren hamada, zafi da ciwon ciki suka kada su. Wurin nan da kowa ke tafi, inda mai takobi ke juya takobinsa Indiyana ya zaro bindiga ya harbe shi kawai, dogon faɗa aka tsara, gudawa ce ta hana Harrison Ford tsayuwa. Mu a gidan bidiyo muna cewa jarumta ce.

Shapo bai yi ko sati biyu yana aiki ba. A kan moto wurin kaske ne, wannan ba abin gardama ba ne, mun ga isassun kawuna a likita. In ka sauka ka ɗora shi, gashin zomo ne a kanka cikin zafin da ya wuce 40, zufa na bin ido. Iska ta taso ka bi shi da gudu cikin gonar mutane. Wani manomi da ya tsinto mana shi ya jujjuya shi ya ce: "Wanga hula ba ta da igiya, ba ta da ƙofar iska, mi anka yi ta don shi?" Ya ciro malfarsa ya nuna mana. Kaba ce, iska na shiga ta ko'ina, bakinta ya fi faɗi, ga zaren haɓa, kuɗinta bai kai na sharjar waya ba. Ranar kasuwa muka sayi biyu.

Wando da takalmi za mu taƙaita. Na fim ɗin wandon ulu ne, wanda ya san ƙarangiya ya san abin da za ta yi da ulu. Tela ya zaɓo mana auduga mai kauri mai santsi, ya tsuke ƙafar. Takalmin Indiyana na kamfanin Alden ne na Amurka, irin wanda Harrison Ford ke sawa tun yana kafinta, kuɗinsa ya isa ka sayi tsohuwar moto. Mun samu mai kama da shi a bosho, yana tare ƙaya da kunama, amma ba a yi shi don mai shiga zauren maigari ba. Ka kwance igiya a ƙofar zaure, ka ɗaure, ka kwance a masallaci, ka kwance wajen alwala, dattawa na tsaye suna jiranka kana duƙe. Muka kai wa mai gyaran takalmi ya tsaga gefe ya sa zif. Shi ke nan.

Jakar ce ta fi kowanne cin jarrabawa. A asali jakar sojan Ingila ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, wadda suke sa abin rufe fuska na kariyar hayaƙi mai guba, masu fim suka sauya mata maɗauri da na fata. Muka kai hoton wajen wani tsohon baduku. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Ɗana, wagga ai gafaka ce. Ita kaka zo ka gwada mini cikin waya?" Ya yi mana ita da fatar jar akuyar Maradi, wadda Turawa suka daɗe suna saye saboda laushinta da ƙwarinta, ya raba cikinta uku: na'urar ɗaukar murya, mikro da batir, sai littafi. Ya sa marfi mai zurfi don ƙura, ya faɗaɗa maɗaurin inda yake zama a kafaɗa. Shekara uku ke nan, ko ɗinki guda bai saki ba. Bulala kuwa, da yara ke tambaya, ba mu taɓa tunaninta ba. A ƙasar da tsofaffi ba su manta bulalar gardi ta zamanin aikin dole ba, ba za ka shiga gari da ita kana neman a yi maka hira ba.

Saura rigar ciki, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Da ita muka fi alfahari. Kaki mai haske, dogon hannu, aljihu biyu a ƙirji masu marfi, da ƴan maɗauran nan na kafaɗa irin na masu galo. Telanmu, dattijo ne da ya ɗinka mana kayan lakwal tun muna firamare, sai da ya aje almakashi ya ce: "Wanga kunnuwa na kafaɗa, a bar su?" Muka ce Baba a bar su, haka take a hoto. Ya ce to. Kuma rigar ta yi aiki, ba ta nuna ƙura, tana shan zufa, aljihun na ɗaukar waya da biro. Mun lura dai a wasu garuruwa in mun tsaya mata na jan itacen girki zuwa bayan danga, sun ɗauka ma'aikatan gandun daji ne. A kasuwa wani mai fetur na kwalba ya taɓa kwashe kayansa, ya zaci duwan. Dariya muka yi ta yi. Har cikin shiri mun ba da labarin, muna jin daɗi.

Sai ranar da muka nufi wani ƙauye kudu da Maradi, wajen iyaka, za mu yi shiri a kan wahalar ruwa. Kun san halin da yankin Madarunfa da Gidan Runji ke ciki a shekarun nan: satar shanu, ɗaukar mutane don kuɗin fansa, barci da ido guda. Mu ma mun sani, mu ke karanta labarin da bakinmu. Amma ba mu taɓa tsayawa mun dubi kanmu da idon mutumin ƙauye ba. Mutum biyu a moto guda. Fuska naɗe da rawani saboda ƙura, ido kaɗai a waje. Kaki, manyan takalma, maɗauri ya gitta ƙirji. Ba mu kira kowa ba kafin mu taso, kuma ta bayan gari muka ɓullo, wajen rijiya.

Mata sun kai goma sha biyar a bakin rijiyar. Guda ta ɗaga kai ta gan mu, ta saki wasaki ta ƙwala ihu. Kafin mu taka birki wurin ya watse. Tuluna suka fashe, jakuna suka bazu, wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, da goyon ƙanenta a baya, ta yi tuntuɓe ta faɗi a kan bakin siminti. Muna kashe moto muka ga samari sun fito ta lungu biyu, da sanduna da adduna, guda da bindigar toka. Abokin tafiyarmu ya finciko rawaninmu ya ce: "Yi magana! Yi gaisuwar shiri!" Muka ɗaga hannu, murya na rawa, muka yi sallamar nan da kuke ji kowace Talata da dare, tun daga farko har ƙarshe, kamar muna cikin situdiyo. Wani tsoho daga baya ya ce: "Ku dakata. Wanga muryar ta radiyo ce."

Allah ya kiyaye, iyakar abin da za mu ce ke nan.

A zauren maigari ba a yi mana faɗa da ƙarfi ba, da ma an yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi: "Malam, waɗanda sunka zo muna bara, su ma kaki sunka sa. Ku da ke faɗa muna mu yi hattara, ku ne za ku zo muna haka?" Ba mu da amsa. Aka kawo yarinyar, goshinta ya tsage, muka ɗauke ta a moto zuwa likitar da ke garin gaba aka yi mata ɗinki huɗu. Jaririn bai ji komai ba. Kakarta ta ƙi karɓar kuɗin tulun, ta ce: "Ɗana, riƙe abinka. Ni dai in za ka komo, ka zo da kayan mutane." Shirin ruwa bai yiwu ba ranar. Mun kunna na'ura, amma duk wadda aka miƙa wa mikro sai ta dubi kafaɗarmu ta yi shiru.

Washegari muka koma wajen tela da rigunan guda uku. Bai ce ai na faɗa maka ba, almakashi kawai ya ɗauka ya cire kunnuwan. Muka kai su marina aka tsoma su cikin shuɗi. Kaki in ya sha shuɗi wata kala yake bayarwa marar suna, uwargida ta ce kamar ruwan wankin makaniki, amma ba mai ganinta ya tuna bariki. Sababbin da aka ɗinka daga baya taguwa ce sosai: ta sauko kusa da gwiwa, tsage a gefe don hawan moto, wuya irin namu, farin yadi ko ruwan toka. Aljihu biyun nan masu marfi kaɗai muka bari daga Indiyana, don su kam suna da amfani. Mun kuma sauya yadda muke shiga gari. Sai mun kira maigari ko wani mai saurare tun da dare. Muna hango rumbuna za mu tsaya mu kwance rawani, mu rataya kaske, mu bi ta babbar hanya a hankali, mikro a hannu inda kowa zai gan shi.

Bayan wata biyu muka koma ƙauyen, aka yi shirin, shi ne wanda kuka ji mata na lissafa gaba nawa igiyar rijiyarsu take. Yarinyar ta zo, tabon na nan a goshinta, siriri, zai daɗe. Ta ƙi matsowa, daga bayan kakarta take leƙen jakar. Da muka buɗe muka nuna mata abin da ke ciki, muka sa mata abin ji a kunne ta ji muryarta, sai ta yi dariya ta ruga.

Buluzon na cikin akwati tana jiran Disamba. Shapon kuwa, mai kira daga Tasawa, yana nan gida bayan ɗaki. Yara sun bar shi a kife bisa buhun dusa, wata kaza ta gyara shi, yanzu haka tana kwance a kan ƙwai tara.