Yanyawar wuta a kan tebur

Mutum biyar ne zaune kewaye da tebur, kowa da takarda da alƙalami. Ɗayansu, jagoran wasa, shi ke ba da labari: ga daji, ga dare, ga wata ƴar wuta tana yawo tsakanin itatuwa ba mai riƙe da ita. Sauran huɗun matafiya ne a cikin labarin, kowa yana faɗin abin da zai yi. Wanda ya ce zai harba kibiya sai ya jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20, lambar da ta fito ita ke nuna ko ya samu ko ya kuskure. Haka ake wasan Dungeons & Dragons tun 1974, shekarar da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka. Ƴar wutar nan kuwa, in an matsa kusa, dabba ce, wutar a bakin wutsiyarta take.

Ba a Amurka aka haife ta ba. Mutanen Japan suna kiranta kitsune. Dangin yanyawarmu ce ta Ayar da Tenere, sai dai ta fi ta girma, gashinta ja ne, a wayo kuwa ita ce dilan can. A tatsuniyoyinsu, gwargwadon tsufanta gwargwadon yawan wutsiyoyinta, har su kai 9, kuma tana rikiɗa ta zama mace kyakkyawa ta auri ɗan adam. Sun ɗauke ta ƴar aiken Inari, abin bautarsu na shinkafa da ciniki. A ɗakin bauta na Fushimi, a birnin Kiyoto, wanda aka kafa a 711, gumakanta ne ke tsaron hanya, kuma dubban ƙofofin katako jajaye da ke jere kan dutsen, ƴan kasuwa da kamfanoni ne suka biya kuɗinsu, kowace da sunan mai ita. A unguwar Oji ta Tokiyo an ce a daren ƙarshen shekara dabbobin nan kan taru gindin wani babban itace, kowace da wutarta, manoma su dubi yawan wutar su san ko shekara za ta yi albarka. Mai zane Hiroshige ya zana taron a 1857.

To, mai karatu, ga abin da wasa ya yi mata. Kamfanin TSR ya shigar da dabbobi masu rikiɗa cikin littafinsa Oriental Adventures a 1985, har da ita. Wasan Pathfinder ya ƙara gaba: ƙarfinta an rage shi da maki 2, zafin namanta da farin jininta an ƙara wa kowane 2. Wutsiyar da a da sai an shekara aru-aru ake samunta, yanzu zaɓi ce a kan takarda, ana iya ɗaukarta har sau 8, kowace da sihirin da take kawowa da adadin amfani da shi a yini. Masu ƙirƙiro tasu dabbar a gida kuma sukan haɗa ta da rabon Turawa na wuta, ruwa, iska da ƙasa, wanda likita Paracelsus ya ba kowane halittarsa a ƙarni na 16. Sai ka ji yanyawar wuta wadda ruwa ke cutarwa, da ta ƙanƙara wadda wuta ke narkarwa.

Ɗan kasuwa ba zai ga laifin wannan ba, don ya san abin da ba a rubuta ba shi ke kawo gardama, kuma wasa ba ya yiwuwa in kowa yana da tasa gaskiyar. Amma fa akwai hasara. Manomin Oji yana tsoron wutar ne saboda bai san nufinta ba, ko alheri ta kawo ko ɓatar da shi za ta yi. Ɗan wasan da ya buɗe shafi ya ga yawan saran da zai kashe ta, lissafi kawai ya rage masa, kamar akawu gaban rajista. Shi ya sa gwanayen jagorori ke ɓoye takardarsu bayan wani ɗan allo, su bar dabbar ta yi magana, ta nemi a yi ciniki, ta yi alkawarin da ba a san ko za ta cika ba.

Mafi shahara cikinsu ita ce Tamamo-no-Mae, mai wutsiya 9, wadda aka ce ta shiga fadar sarki Toba a ƙarni na 12 da siffar mace, ta sa masa ciwo, aka tona ta, aka kashe ta a filin Nasu, ta zama dutse mai halaka duk abin da ya taɓa shi. Dutsen yana nan a lardin Tochigi, wurin da ƙasa ke fitar da iska mai guba. A watan Maris na 2022 aka tarar ya rabe biyu. Hukuma ta ce ruwan sama ne ya daɗe yana shiga tsagarsa, masu intanet suka ce ta kuɓuta, aka kira limamin addinin Shinto ya yi abin da ya saba. A watan Disamba na shekarar, aka tsinci gawar aladun daji 8 kusa da dutsen.