Rabin Cokalin Sukari

Shekara talatin da ɗoriya mahaifina bai san karin kumallon da babu shayi a cikinsa ba. Idan an idar da sallar asuba, kafin ya shigo gida, sai ya ratse teburin mai shayin bakin masallaci, ya zauna a ƙarshen benci, a miƙo masa abin da ba sai ya faɗa ba: haɗin kauri, madarar gwangwani, ƙwayar sukari biyar. A nan yake jin wanda ya rasu, da wanda aka yi wa haihuwa, da yadda masara ta kwana a Dawanau. Bara, bayan wani jiri da ya ɗebe shi a kasuwa, aka auna jininsa aka ce ciwon suga ne. Likita ya rubuta magani, ya kuma lissafo abubuwan da za a rage, sukari a sahun gaba.

Mun yi abin da yawancin gidaje suke yi. Aka ci gaba da haɗa masa shayi a gida kamar kullum, aka dai cire sukarin. Ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin. "Uwata," ya ce da ni, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan ai ruwan ɗaurayar kofi ne." Daga ranar ya bar shan shayi. Ya bar ratsewa wurin mai shayi, don yana jin nauyin ya zauna cikin mutane kowa da kofinsa shi yana kallo. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne da shayin ya tafi, karin kumallon ma ya bi shi, alhali maganin da aka ba shi ba irin wanda ake sha a zauna da yunwa ba ne. Sau biyu muka same shi da hantsi yana gumi, hannunsa na rawa.

Mafita ta zo mini ne daga inda ban zata ba. Wani aiki ya kai ni Abuja, wata abokiyar aiki ta ja ni irin shagunan nan na shan gahawa, na nemi shayi aka kawo mini abin da suka kira latte na shayi, a kan kuɗin da zai ciyar da mutum uku shayi da burodi da ƙwai a unguwarmu. Kalmar latte ba wani sirri ba ce, madara ke nan da Italiyanci. Sun ajiye sukari a gefe, ni kuma da hira ta ɗauke mini hankali na kurɓa ban zuba ba. Sai na ji garɗi, na ji ƙamshin ganye, har da wani ɗan zaƙi-zaƙi a bayan harshe. A nan na gane cewa cire sukari ba shi ne ya lalata shayin Baba ba. Shayin gidanmu dama can tsararo ne, sukarin ne yake rufa masa asiri shekara da shekaru.

Ga yadda muke yi, mu da yawa daga cikinmu. A ɗauko babban kofi, a cika shi da ruwan filas ɗin da aka dafa tun daren jiya, a tsoma jakar ganye ɗaya a ɗaga sau uku, da ruwan ya yi launi a cire, wani lokaci ma a miƙa wa na kusa ya tsoma a nasa. Sannan a kwarara madara mai sanyi a kai. Kuskure uku ke nan a kofi ɗaya, kuma kowanne yana da dalilinsa.

Na farko yawan ganye. Jakar shayi ɗaya tana ɗauke da ganye kimanin giram 2. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa, mai lamba ISO 3103, wadda masu ɗanɗana shayi a masana'antu suke bi idan za su gwada wani da wani: giram 2 a ruwa mililita 100, a bar shi minti 6. An tsara ta ne domin gwaji, ba domin jin daɗin mai sha ba, amma tana nuna mana tazarar. Kofunan da muke sha da su sukan ci mililita 250 zuwa 300. Wato tun kafin a zuba madara, shayinmu bai kai rabin ƙarfin wancan ba. Idan madara za ta cinye rabin kofi, dole ruwan shayin ya zama mai ƙarfin da ba za a iya shan sa haka nan ba.

Na biyu zafin ruwa da lokaci. Baƙin shayi da koren shayi daga itace ɗaya suke fitowa. Bambancin shi ne baƙin ana murje ganyensa a bar shi iska ta yi aiki a kansa har ya rine, kamar yadda goro yake ja idan an ɓara shi an ajiye. A cikin wannan rinewa ake samun sinadaran da suke ba shi launi da jiki da ɗan baurin nan mai kama harshe. Launi yana fita da wuri, cikin daƙiƙoƙi kaɗan, shi ya sa ido yake yaudarar mu. Jikin shayin kuwa yana buƙatar ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu da minti huɗu zuwa biyar a rufe. Ruwan filas na jiya ba zai fitar da shi ba ko an kwana ana tsomawa.

Wani zai ce ai shayin da ya daɗe a ruwa bauri yake yi. Gaskiya ne, kuma a nan madara take shigowa. A cikin madara akwai wani furotin da ake kira kesin, wanda yake manne wa sinadaran baurin nan ya hana su kama harshe. Saboda haka shayin da ya yi wa mai shan ruwan bunu ƙarfi, shi ne daidai ga mai shan haɗin madara: baurin ya kwanta, ƙamshin ya rage. Idan kuwa shayin dama ba shi da jiki, madarar ba ta samun abin da za ta rusuna wa, sai ƙarninta ya fito fili. Wannan ƙarnin ne muke bi da sukari.

Irin ganyen ma yana da tasiri. Yawancin abin da ke cikin jakunkunan shayi ganye ne da inji ya murƙushe, ya yayyaga, ya nannaɗe shi ƙanana, hanyar da ake kira CTC, wadda aka ƙirƙiro a Assam ta ƙasar Indiya a farkon shekarun 1930. Masana shayi sukan raina shi, amma ga haɗin madara ya fi dogon ganye mai tsada, don yana sakin ƙarfinsa da sauri kuma madara ba ta danne shi. Kenya, wadda take sahun gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, kusan duk irin wannan take yi. Mu ma muna da namu a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, inda ake noman Highland Tea a Kakara. Da shi nake yi idan na samu, idan ban samu ba Lipton ma ya wadatar.

Na uku, kuma wanda ya fi ba ni mamaki, ita kanta madarar. Madara tana da nata sukarin, wanda ake kira laktos, kusan giram 5 a kowane mililita 100. Zaƙinsa bai kai rabin na sukarin rake ba, kuma idan madarar tana da sanyi da ƙyar ake jin sa, domin harshen ɗan Adam ya fi jin zaƙi a abu mai ɗumi. Idan aka ɗumama ta zuwa digiri 60 ko 65, zaƙin yakan bayyana. Idan aka zarce 70 aka nufi tafasa, furotin ɗinta ya fara sauyawa, yana ta taru a sama, ƙamshin ya koma na dafaffen abu, in aka yi sakaci ta kama gindin tukunya. Tsakanin kauri da ƙauri ɗan ƙugiya ne kawai a rubuce, a kan wuta ma tazarar ba ta fi haka ba. Ba ni da ma'aunin zafi a ɗakin girki. Ina kallon gefen tukunya ne, da ƙananan kumfa sun fara jeruwa a baki, tururi ya fara tashi, sai in sauke.

Wannan magana ce ta madarar gari ko ta gwangwani ko ta kwali, waɗanda aka riga aka dafa a masana'anta. Ɗanyar madarar shanu da aka tatso daga ruga dole a tafasa ta sosai tukuna, saboda cututtukan da take iya ɗaukowa daga dabba, sannan a bar ta ta huce. Madarar gwangwani marar zaƙi an ƙafe kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwanta, don haka nakan sirka ta da ruwa daidai wa daida. Wadda take da danƙo kamar zuma kuwa, kusan rabinta sukari ne, ba ta shiga kofin Baba. A madarar gari, karanta bayan leda: wasu an cire musu man shanun an sa man itatuwa, wasu kuma ba madara ba ce ma, farin gari ne mai sukari a ciki.

Saura kumfa. A shagon Abuja inji ne yake hura tururi cikin madara. Na yi kwanaki ina tunanin sayen ɗan abin kaɗawa mai batir, kafin na tuna cewa mai shayin bakin masallacinmu yana yin wannan aiki tun ban san kaina ba. Idan ya ɗaga kofi sama ya sheƙo shayin cikin wani, ya mayar, ya sake, mukan ɗauka fifita yake yi, ko kuwa burga. Yana fifitawa, amma yana kuma cusa iska cikin haɗin, kumfar da take tashi tana sa shayin ya yi laushi a baki, ƙamshinsa ya isa hanci. A Malesiya haka ake yi, har sunan shayin nasu, teh tarik, ma'anarsa shayin da aka ja. Kofi biyu kawai ake buƙata, da tire a ƙasa ga mai koyo. Na ƙona yatsa sau biyu kafin hannuna ya faɗa.

Ga abin da na tsaya a kai. Jakar ganye biyu a rabin kofin ruwan da ya tafasa, kimanin mililita 120, a rufe da faranti minti biyar. Kafin lokacin ya cika, a ɗumama rabin kofin madara tare da ɗan ɓallin kirfa ko ɗigon banila. Ba don magani nake sa kirfa ba, duk da abin da ake yaɗawa a WhatsApp. Ƙamshinta ne yake sa ƙwaƙwalwa ta ji kamar zaƙin ya fi yadda yake. A cire jakunkunan ba tare da an matse su da ƙarfi ba, a zuba sukari a cikin ruwan shayin tun yana da zafi, a haɗa da madarar, a sheƙa sau biyar ko shida. Ga mai lafiya, ƙaramin cokali ɗaya da rabi ya isa ya ji shayi mai zaƙi na gaske. Ƙaramin cokali ɗaya giram 4 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ga baligi, kuma in an iya tsayawa a 25 ya fi. Zuma ma tana cikin wannan lissafi, ga masu ganin sun tsira idan sun koma kanta.

Na Baba ban yanke hukunci ni kaɗai ba, domin madarar ma tana ɗaga sukarin jini. Na je da ma'aunin gaba ɗaya wurin likitansa. Ya amince da rabin ƙaramin cokali, kofi ɗaya a yini, tare da abinci, a rage burodi a ƙara ƙwai, kuma a riƙa auna jini awa biyu bayan karyawa har na mako biyu mu gani. Wannan na Baba ne, wani nasa likitan zai iya ce masa dabam.

Ranar da na fara miƙa masa, ya daɗe yana kallon kumfar. Ya kurɓa, ya yi shiru, ya sake kurɓa. "Ƙwaya nawa kika sa?" Na ce rabin cokali ne, Baba. Ya ce in ji tsoron Allah. Sai da na sake haɗa wani a gabansa, yana zaune a kan kujerar tsakar gida yana bin hannuna da ido, sannan ya yarda. Bai ce ya kai na da ba, kuma ban tambaye shi ba. Ya dai shanye, ya ci ƙwansa.

Wata guda yana fita sallar asuba da ɗan filas a hannu, ya zauna a ƙarshen bencinsa ya tsiyaya. Mai shayin ya ga abin ya ishe shi, ya karɓa ya ɗanɗana, ya tambayi yadda aka yi. Da ya ji jaka biyu ake sa wa kofi ɗaya sai ya riƙe baki ya ce, "Alhaji, ai in na yi haka sai jarin ya karye." Suka daidaita a kan Baba zai riƙa biyan kuɗin jaka ta biyu, shi kuma a cire masa na sukari. Yanzu filas ɗin yana gida. Rabin cokalin kuma Baba ne yake auna abinsa da kansa, don ya ce hannun mai shayi ya saba da yawa.