Nawa ne kuɗin filifar da ba ta tashi?

Jama'a, filifa dai, teburin wasan nan na Amurka mai ƙwallon ƙarfe, ko ta mutu ba a sayar da ita a kilo. Gwaggona a Yamai ta gaji guda wajen mijinta, ƙirar Williams. Mai sayen ƙarafa ya taya jika 15, ga kuɗin haya ya matso ta. Na ce ta dakata. Tun 1999 Williams ya daina ƙera su, shi ya sa masu gyara ke neman ko gawarta.

Kuɗin yana ga gilashin baya mai zane: waya ana sakewa, shi kam da wuya. Sannan a buɗe a duba ko pil ya zubo ya ci katin ciki. Nata lafiya lau. Kada dai a jona ta da kuran don gwaji, wasu na 110 ne.